Muryar Radiyya

A duk majalisar Hausawan Guangzhou babu wanda ya kai Abdulbaƙi yabon matarsa, kuma babu wanda ya kai shi rashin saninta. Ɗan Fagge ne, ya zo ƙasar Sin da jaka ɗaya da dogon baki, ya zama dillali tsakanin 'yan Kantin Kwari da masu shagunan tufafi na kasuwar Shahe. Sinancinsa bai wuce na ciniki ba, amma in yana yi wa sabon zuwa tafinta sai ka rantse shi ya raɗa wa harshen suna. Mutum ne mai son a ce ya iya, ko da kuwa abin da ya iya ɗin bai wuce harɗe ƙafa a kan kujera ba.

Matar 'yar Vietnam ce, iyayenta Thuy suka sa mata. Tana taya yayarta Lan tsaron shagon wanduna a kasuwar Baima lokacin da ya fara ganinta. Yarinya ce mai baki, tana ciniki, tana dariya, tana zazzaga wa masu tura kaya masifa, duk a numfashi ɗaya. Ta musulunta aka sa mata Radiyya, aka ɗaura aure. Shi ko sannu bai iya da yarenta ba, bai kuma ga dalilin koya ba. Da guntun Sinanci da guntun Turanci suke zaman aure, sai gaisuwar Hausa da ya biya mata har ta haddace.

Allah ya ba su ɗa namiji, aka sa masa Hadi. A farkon shekarar da ƙasar Sin ta karɓi baƙuncin wasannin Olamfik, cikin sanyin nan da ya tsayar da jiragen ƙasa, yaron ya kamu da limoniya, ya cika a asibiti da sanyin safiya. Radiyya ta fita hayyacinta har sai da likita ya yi mata allurar barci. Abdulbaƙi kuwa ya tashi nuna wa duniya shi Musulmi ne na gidi. Ya yi ta kai-kawo da takardu, ya tara mutane, aka yi wa yaron sutura aka sallace shi, kafin uwar ta buɗe ido an kai shi maƙabartar Musulmi da ke bayan gari. Mai gadin wurin, wani tsohon Basine Musulmi, ya kawo ɗan dutse ya ce a rubuta suna a kafa, kamar yadda su suke yi. Abdulbaƙi ya kaɗa masa hannu. Ya ce su a Kano ba su san wannan bidi'a ba, ƙasa ai ta san nata.

Da Radiyya ta farka ta tambayi ɗanta, ya ce an kai shi gidansa na gaskiya. Ta ce ina ne, ya ce mata ba sa zuwa can. Ta fashe da kuka, sai ya ɗora mata wata magana da ya tsinta a bakin tsofaffin unguwarsu, ba a gaban malami ba, wai hawayen uwa tafasasshen ruwa ne a jikin mamaci. Nan take ta toshe bakinta da hannu. Washegari ya tattara 'yan rigunan yaron ya bayar sadaka, ya goge hotunansa daga waya, wai don kada su riƙa fama mata ciwo. A ganinsa ya gama aikin miji.

Daga nan Radiyya ta yi shiru. Ba shirun fushi ba ne, irin wanda ake huce shi a kan tukwane. Ta daina zuwa shago, ta daina kiran Lan, sunan Hadi kuwa ko da kuskure bai sake fita daga bakinta ba. Za ta dafa abinci ta ajiye masa, ta zauna gefen gado tana kallon bango. Ta rame har awarwaronta yana zamewa.

To, nan fa gogan naka ya ga abin alfahari. Ya san a gida uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta nuna sonsa a gaban mutane, ko rasuwa ya yi sai ta haɗiye abinta. Sai ya ɗauki wannan suna ya liƙa wa shirun matarsa. Ya buga wa mahaifiyarsa waya yana washe baki. "Hajiya, yarinyar nan fa ta zama Bahaushiya. Kunyar ɗan fari take yi, wallahi ko Bafillatana albarka." Tsohuwa da ba ta taɓa sa surukar tata a ido ba ta shi albarka daga Fagge. Shi kuma ya kai labarin majalisa ya yi ta juya shi kamar waina a tanda.

A bazarar nan wata likitar ƙwaƙwalwa 'yar Vietnam, Dakta Phuong, da ke ƙarin karatu a wata jami'a ta garin, ta shiga bin kasuwannin da 'yan ƙasarta ke aiki, da 'yar rikoda da kwamfuta a jaka. Abin da take bincike shi ne ko za a iya gano alamun ciwon damuwa daga muryar mutum, tun da mutanenta, kamar namu, gara su ce kansu ke ciwo da su ce ransu ne. Takan sa mace ta karanta ɗan labari da yarensu, sannan ta faɗi yadda ta wuni. Kwamfutar sai ta auna hawa da saukar muryar, da ƙarfinta, da tsawon shirun da ke faɗowa tsakanin magana da magana. Lan ce ta fara jin labarin. Ta haɗa baki da Balkissa, wata 'yar kasuwa 'yar Maraɗi da ke sarin wanduna a shagon Lan ɗin, wadda kuma ɗakinta ke kallon na su Abdulbaƙi. Ranar da maigidan ya tafi tashar jiragen ruwa ta Huangpu lodin kwantena suka lallaɓa Radiyya suka kai ta wurin likitar.

Da yardar Radiyya likitar ta nemi ganin mijin. Ya je, ba don komai ba sai don ya ga wace ce wannan da ta isa ta aika a kira shi. Ta zaunar da shi a ɗan ofishinta, ta juyo masa da allon kwamfutar, ta yi masa bayani da Turanci.

"Yarenmu hawa da sauka gare shi, na ji an ce naku ma haka ne. Shi ya sa na'urar da aka gina da muryar wasu ba ta yi mana aiki, sai da muka gina tamu. Dubi wannan, muryar wata mai shago ce." Layin da ke kan allon ya yi tudu ya yi kwari. "Wannan kuma ta matarka ce." Layin ya kusa kwanciya, ga manyan giɓi a tsakani. Ta ce, "Na'urar nan ba likita ba ce, nuni kawai take yi, tana kuma yin kuskure. Amma ni da kaina na zauna da matarka, abin da na ji ya fi wanda na'ura ta nuna. Tana bukatar magani, da wanda za ta riƙa magana da shi, kuma ba abin jinkiri ba ne. Masu irin wannan hali wani lokaci kan cutar da kansu."

Abdulbaƙi ya yi 'yar dariyar nan tasa ta hanci. Ya ce, "Madam, wannan layin da kike gani a kwance, mu natsuwa muke ce masa. A garinmu shekaru iyaye ke yi suna koya wa 'ya'ya mata shi, wasu ma har su tsufa ba su iya ba. Ke kin saurare ta na ɗan lokaci, ni kullum ina ganinta. Gani ya kori ji." Ya miƙe ya gyara zaman hularsa, ya jefa mata shiye-shiye, irin godiyar Sinancin da yake yi wa mai shagon da ya tsuga masa tsada.

Daga can bai zame ko'ina ba sai gidan abincin Tankari, wani ɗan Yamai, inda majalisarsu take. Lokacin 'yan sanda sun matsa da binciken biza saboda wasannin, ciniki ya ja baya, don haka magidanta sun samu sarari suna zama gaban talabijin bayan la'asar suna yanke wa duniya hukunci. Ya ba su labari, ya kwaikwayi likitar, ya zana layin da yatsa a kan tebur. Aka bushe da dariya.

Abokinsa Kallamu, mai sarin takalma, ya ce, "Yanzu rediyo ce za ta gaya maka halin matarka? Ai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

Abdulbaƙi ya ce, "Bari ku ji tawa na'urar." Ya zaro waya ya kira gida, ya buɗe lasifika ya ajiye tsakanin kwanukan shinkafa. Ta daɗe tana ringin kafin a ɗauka.

"Radiyya, ina wuni?"

Can wata siririyar murya ta ce, "Lafiya lau."

"Ya gida?"

"Lafiya lau."

"Ya gajiya?"

"Ba gajiya."

Ya kashe wayar ya buɗe hannuwa yana kallonsu ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya gyaɗa kai, har da mai cewa ma sha Allah. Manyan mutane da gemunansu, sun saurari mace tana maimaita abin da aka biya mata, sun tashi da shaidar cewa lafiyarta garau.

Balkissa na tsaye bakin kantar gidan abincin tana jiran a zuba mata abinci a leda, duk a kunnenta. Ta juyo ta ce, "Kai Abdulbaƙi, ka ji tsoron Allah. Mi kake so ta ce? Wane Bahaushe ne anka gaishe shi ya ce ba lahiya? Mutum na gargara ma da sauƙi za shi ce maka. Ɗiyar mutane na narkewa cikin ɗaki, kai kana nan kana wasan teyatur da ita."

Ya ce, "Hajiya, ki bar maganar da ba taki ba."

Ta ce, "Na bari. Ranar da ta zama taka ka neme ni." Ta ɗauki ledarta ta fice, suka bi ta da cewa matan Nijar baki gare su.

Wadda ba a iya korarta da dariya ita ce Lan. Ta zo gidan da kanta, ta tsaya bakin ƙofa ko takalmi ba ta cire ba. Da Sinanci mai sauƙi, yadda ba zai ce bai gane ba, ta gaya masa in watan nan ya ƙare bai kai ƙanwarta wurin likita ba, za ta sa ta a mota su tsallaka iyaka zuwa gidan uwarsu, kuma ba dawowa. Wannan ta shige shi, don yana son Radiyya, iyakar son da mai irin halinsa ke iya yi. Amma ko a nan, abin da ya fara faɗo masa a rai shi ne me zai ce wa majalisa. Sai ya ƙulla dabarar da za ta raba shi da kowa lafiya. Zai mai da ita a sake gwajin a gabansa, na'ura ta ƙaryata kanta, Lan ta kama bakinta.

A cikin tasi ya yi ta ba ta darasi. "Ki ɗaga murya. Ki yi kamar kina ciniki a Baima. In da hali ki ɗan yi dariya." Ita dai kai kawai take gyaɗawa tana kallon tutocin wasanni da aka jera a bakin titi.

Dakta Phuong ta tambayi Radiyya ko ta yarda mijin ya zauna, ta ce ta yarda. Ya samu kujera a kusurwa ya harɗe. Radiyya ta karanta labarin, ta yi ƙoƙarin ɗaga murya yadda aka umarce ta, muryar ta tashi ta karye a hanya. Likitar ba ta ko dubi kwamfutar ba. Ta matso da kujerarta ta yi mata wata gajeriyar tambaya da yarensu, ta yi shiru tana jira. Shirun ya yi tsawo. Abdulbaƙi ya yi gyaran murya zai cike gurbin kamar yadda ya saba, likitar ta ɗaga masa hannu ba tare da ta kalle shi ba. Tun da suka yi aure bai taɓa jiran shirun matarsa ya kai ƙarshe ba, ranar ce aka tilasta masa.

Sai ga Radiyya tana magana. A hankali ta fara, tana tsayawa, sannan maganar ta ɓalle. Ta daɗe tana yi, hannayenta a cinya, idonta a bushe. Ko kalma ɗaya bai tsinta ba. Ya zauna kamar baƙo a gidan biki, yana jin haushin an bar shi a baya.

Ya ce, "Me take cewa ne haka?"

Likitar ta nemi izninta, sannan ta juyo gare shi. "Ta ce ba ta san inda ɗanta yake ba. An sa ta barci, ta farka babu shi, babu rigarsa, babu hotonsa. Mu a wurinmu kabari kamar ɗaki ne a cikin gida, ana share shi, ana zuwa a ba mai shi labari. Wanda ba a san kabarinsa ba, cewa muke yana yawo cikin sanyi. Ta san addininta na yanzu bai ce haka ba, amma in ta rufe ido haka take ganin yaron. Ta ce ka gaya mata hawayenta na ƙona shi, don haka tun ranar take riƙe su. In ta ji magana za ta kai ta ga kuka sai ta fasa maganar."

Wani mijin da nan zai nemi ƙasa ta tsage ya shige. Abdulbaƙi ya ji abin ya soke shi, gaskiya ya ji, amma bakinsa ya riga zuciyarsa. Ya ce, "Au, wannan ne kawai? Ai da an faɗa tuntuni. Gobe ma sai na kai ta." Har ya fara tsara yadda zai gaya wa su Kallamu cewa shi ya gano maganin da likita da kwamfutarta suka kasa.

Washegari da hantsi suka tafi su uku, shi da Radiyya da Lan. Ya ce wa mai tasi ya jira. Ya karɓi jakar matarsa ya shige gaba yana taku da ƙarfi, ya ratsa layukan kaburburan 'yan ƙasa masu duwatsu da rubutu, ya nufi gefen katanga inda ake sa jarirai da baƙi. A nan tafiyarsa ta fara sanyi. Ruwan da aka tafka a damina ya lafe tudun ƙasar, ciyawa ta kai gwiwa. Ƙananan kaburbura marasa dutse sun jeru a gindin katangar, an ƙara wasu bayan nasu, duk kamarsu ɗaya. Shi dai ya san kusa da katanga ne, katangar kuwa doguwa ce.

Ya kira tsohon mai gadi ya yi masa kwatance da hannu da guntun Sinancinsa. Tsohon ya gane shi sarai. Ya girgiza kai ya ce, "Meyo," wato babu. Shi masu dutse ya sani. Abdulbaƙi ya ja gefe ya kira Kallamu, wanda da shi aka yi jana'izar. Kallamu ya ce, "Kai ma dai da wata magana, wa ke riƙe kabarin jariri? Ka nuna mata kowanne mana, ai addu'a ba ta ɓata."

Ya kuwa ɗauki shawarar. Ya dawo ya tsaya kan wani ɗan tudu ya nuna da yatsa. "Nan ne."

Radiyya ba ta kalli tudun ba, bakinsa ta kalla. Ta ce da Sinanci, "Ka tabbata?"

Ya buɗe baki zai rantse, rantsuwar ta ƙi fitowa. Ya ce, "Ina jin nan ne. Ko dai na kusa da shi."

Ta taka zuwa farkon layin, ta durƙusa gaban kabari na farko, ta shiga tuge ciyawar da hannu tana yi masa magana da yarenta. Da ta gama ta matsa na biyu ta yi haka. A na uku kukan ya zo, ba ta kuma toshe bakinta ba. Lan ta durƙusa tana taya ta tugewa, tsohon mai gadi ya kawo musu tsintsiya ya koma gefe. Haka ta bi layin nan kaf, ba ta tsallake ko ɗaya ba, tun da ba ta san wanne ne nata ba. Abdulbaƙi yana tsaye cikin rana riƙe da jakar mace, gumi ya jiƙa masa shadda, ya rasa wanda zai yi wa bayani.

Da ta kai ƙarshe ta miƙe, tafin hannunta duk ya yayyanke. Suka fito bakin ƙofa. Ya ce, "To, alhamdu lillahi, kin gani. Mu tafi gida. Maganin ma zan kai ki ki karɓa, wallahi zan kai ki."

Ta miƙa hannu ta karɓi jakarta. Sannan ta tsaya gabansa ta yi masa magana mai tsawo da yarenta, ba faɗa, ba ɗaga murya, tana kallon tsakiyar idonsa. Ya san da akwai tambaya a ciki, don ta tsaya ta jira amsa. Ya juya wurin Lan a ruɗe ya ce don Allah ta fassara masa.

Lan ta buɗe wa ƙanwarta ƙofar tasi, ta ce, "Da kai take, ba da ni ba." Radiyya ta shiga, Lan ta bi ta ta ja ƙofar, motar ta tashi da su ta bar shi a nan.